Me ake nufi da PGP a harkar imel?

PGP, wato Pretty Good Privacy a Turance, hanya ce ta kulle saƙon imel yadda babu mai iya karanta shi sai wanda aka aika wa, ko da kuwa kamfanin da ke ɗauke da saƙon ne. Wani Ba'amurke, Phil Zimmermann, shi ya fito da ita a 1991. Da manhajar ta bazu ƙasashen waje sai gwamnatin Amurka ta sa shi a gaba da bincike, don a lokacin dokarsu na lissafa irin wannan fasaha cikin kayan yaƙi. A 1996 aka rufe maganar ba tare da an gurfanar da shi ba.

Makulli biyu ake ƙirƙira maka. Na jama'a, wanda za ka ba kowa, da na sirri, wanda ko ɗan uwanka ba ka ba shi. Tamkar ka raba wa mutane kwado a buɗe ne: mai son aiko maka saƙo ya sa a akwati ya datse, makullin kuwa yana aljihunka.

A nan zaɓen manhaja yake. Gmail da ire-irensa suna kare saƙo a kan hanya, amma da ya sauka wurinsu, makullin na hannunsu. Saboda haka kafin ka sauke komai, tambayi wa ke riƙe da makullin sirrin. Manhajar imel ta Thunderbird ta zo da OpenPGP, wato buɗaɗɗen tsarin PGP, a cikinta tun 2020, kai ke ajiye naka. GnuPG, wata manhajar kulle saƙo mai bin wannan tsari wadda Bajamushe Werner Koch ya fara a 1997, kyauta ce, sai dai tana wahalar da sabon shiga. Proton Mail kuwa tana yin kullewar da kanta tsakanin masu amfani da ita. A ganina, wanda ba gwanin kwamfuta ba gara ya fara da irin wannan, don manhajar da ta gagare ka, ajiye ta za ka yi.

Sai dai fa PGP ba ta ɓoye adireshin mai aikawa da mai karɓa, ko lokacin aikawa, galibi har da taken saƙon. Kada ka kulle wasiƙa sannan ka tona asirin a taken saƙon. Dole kuma abokin hulɗarka ya mallaki nasa makullin. In naka na sirri ya ɓace ba ka da kwafi, tsofaffin saƙonnin sun tafi ke nan, babu ofishin da zai dawo maka da su.