Binigar ba ta wanke wiwi, samarin Zango

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Nima da Mamobi da Sabon Zango a Accra. Yau ba zancen rigakafin yara ya kawo ni ba. Da samari nake, da iyayensu mata masu taya su.

Na gaji da ganin abu ɗaya. A kawo mana saurayi asibiti da asuba yana murƙususu yana kelaya amai, a tambaye shi me ya sha ya yi gum, sai wanda ya rako shi ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, yau ne zai je gwajin fitsari na aiki." An kira shi tuƙin babbar mota a Tema, ko gadi, ko aikin zinare a Tarkwa, sai abokai suka haɗa masa laƙanin wanke wiwi daga jiki a majalisar ataya: binigar rabin kwalba, lemun tsami, kanwa, a bi da ruwan leda har ciki ya ɗaure. Na ga wanda ya ɗiga Parazone a kofi ya haɗiye. Parazone fa, da muke wanke bayi da shi!

Ku saurare ni, ƙannena. Wiwi ba ta wankuwa. Abin da ake nema a fitsarin yana maƙale a kitsen jiki, a hankali yake fita. Wanda ya ɗan busa sau ɗaya, 'yan kwanaki sun isa. Wanda kullum sai ya sha, yana iya kai wata guda ko fiye. Binigar ba za ta rage ko kwana ɗaya ba, sai dai ta ƙona maka ciki. Ruwan da kake ɗurawa kuma, masu gwajin ba yara ba ne. Suna ganin fitsari fari fat sun san an tsarma shi, su ce a sake.

Ke kuma Hajiya, ke da kika tara fitsarin autanki a kwalbar magani kika ba yayansa ya ɓoye a wando, wallahi ba gata kika yi masa ba. Ana auna ɗumin fitsari nan take. In aka kama shi, an rubuta shi maƙaryaci ke nan, ga aikin ya tafi. Na san tausayi ne, na san shekarun da ya yi yana zaman banza. Amma ki ajiye kwalbar nan.

Da na fara faɗa sai su ce, "Ai gwamnati ta halatta wiwi." Wa ya gaya muku? Dokar Ghana ta 2020, mai lamba 1019, wadda ta kafa NACOC, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta ba da damar noma wani iri ne mai rauni, wanda sinadarin bugarwarsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, don magani da masana'antu, shi ma da lasisi. Kotun Ƙoli ta soke sashen a 2022 don ba a yi muhawara a kansa yadda ya kamata ba, majalisa ta dawo da shi a 2023. Wannan irin ko buhu ka sha ba zai kai ka ko'ina ba. Wadda ake naɗewa a lungu tana nan haram a doka. Abin da ya sauya, wanda aka kama da ta shansa tara ake cinsa, sidi 2,400 zuwa 6,000, maimakon shekarun da tsohuwar dokar 1990 ke ɗaure mutum.

Ni dai na ji daɗin wannan sassauci, don ban taɓa ganin yaron da gidan yarin Nsawam ya gyara ba. Masu son a sake ta gaba ɗaya su je su yi ta gardamarsu a rediyo. A Afirka ta Kudu tun 2018 kotu ta yarda baligi ya sha a ɗakinsa, amma kamfanonin ma'adinai ba su daina gwaji ba. Mai tirela ba ruwansa da muhawarar majalisa, direba mai ido biyu yake so. Ni ma in 'yata na cikin motar torotoro a hanyar Tema, shi nake so a gabanta.

To abin yi, a gurguje:

- In kana neman aiki, daina tun yau. Kada ka jira a kira ka.
- Ƙwayar Tiramol ma ana iya gwada ta, kada ka sauya wannan da wancan.
- In likita ya rubuta maka magani, tafi da takardar ka nuna kafin a karɓi fitsarin.
- In ka tabbata ba ka sha ba aka ce an gani, nemi a sake da babban gwaji na tabbatarwa.
- In ka daina barci ya ƙi zuwa, rai na ɓaci, abinci ba ya shiga, zo mu gani. Akwai sashen masu barin shaye-shaye a asibitin Pantang, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

Sannan don Allah, in wani ya riga ya haɗiye Parazone ko wani haɗin, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a ɗura masa manja. Amai sake ƙona hanyar yake yi. A ɗauko shi zuwa asibiti, a taho da kwalbar abin da ya sha.