Kuɗin hayaƙi a bakin iyakar Turai: me dokar CBAM ta ce?

Tun shekarar 2005 manyan masana'antu a Tarayyar Turai, irin su tashoshin wutar lantarki da kamfanonin siminti da na ƙarfe, suke ƙarƙashin wani tsari na sa wa hayaƙi farashi. Hukuma kan ƙayyade yawan iskar kabon da aka yarda a saki a shekara, ta raba shi zuwa takardun izini, kowace takarda tan ɗaya. Kamfanin da ya fitar da tan dubu sai ya miƙa takarda dubu. Wanda ya rage hayaƙinsa ya sayar da rarar da ta rage masa, wanda ya zarce kuma ya je kasuwa ya saya. Kowace shekara ana rage adadin takardun, shi ya sa suke ƙara tsada. A watan Fabrairun 2023 farashin tan ɗaya ya haura Yuro 100.

Sai dai akwai ɓaraka. Idan mai siminti a Jamus yana biyan wannan kuɗi, na wata ƙasa kuma ba ya biya, kayan waje za su fi araha, masana'antu su tattara su koma can. Hayaƙin bai ragu ba ke nan, ƙaura kawai ya yi, alhali sararin samaniya ɗaya ne. Don gudun haka aka daɗe ana ba wasu masana'antun takardun kyauta, abin da ya rage wa tsarin kaifi.

Dokar CBAM, wato dokar Tarayyar Turai ta karɓar kuɗin kabon a bakin iyaka, wadda aka zartar a 2023, ita ce za ta maye gurbin wannan kyauta. Ta ce duk mai shigo da siminti, ƙarfe, alminiyon, takin zamani, wutar lantarki ko iskar haidirojin cikin Tarayyar zai biya kuɗin hayaƙin da aka fitar wajen yin kayan, daidai da farashin da masana'antar Turai ke biya. Daga 1 ga Oktoba 2023 zuwa ƙarshen 2025 rahoto kawai ake bayarwa. Daga Janairun 2026 lissafin biya ya fara, kuma zai riƙa hawa sannu a hankali yayin da ake janye takardun kyauta har zuwa 2034. An sassauta wa ƙananan 'yan kasuwa: wanda bai kai tan 50 a shekara ba na siminti, ƙarfe, alminiyon da taki, ba ruwansa.

Ɗan kasuwar Turai ne ke biya a hukumance. Amma kowa ya san wanda zai ji a jikinsa, wato mai kayan da za a ce ya rage farashi ko a koma wajen wani. Ga kuma wahalar auna hayaƙi da kawo shaida, aikin da ƙaramin kamfani a Afirka ba ya iyawa cikin sauƙi. Indiya da Sin da Afirka ta Kudu sun yi ƙorafi sosai. Ni abin da ya fi damuna shi ne ƙasa kamar Mozambik, wadda ta shafe shekaru tana dogaro ƙwarai da sayar wa Turai alminiyon, ga talauci, ga shi ba ita ta ɗumama duniya ba, amma dokar ba ta keɓe ta ba. Na yarda wanda ya gurɓata iska ya biya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne kuɗin ya tare a asusun Turai.

Akwai sashe ɗaya da ya kamata gwamnatocinmu su karanta da kyau. Idan an riga an biya kuɗin kabon a ƙasar da aka yi kayan, za a cire shi daga abin da za a biya a iyaka. Ma'ana, ƙasar da ta sa nata farashin, kuɗin a gida zai tsaya. Dokar sauyin yanayi ta Najeriya ta 2021 ta riga ta buɗe ƙofar tsara harajin kabon, kuma ƙasar tana fitar da takin yuriya zuwa kasuwannin duniya.