Waiwaye: Tarihin gano damuwar mai jego

Idan aka shiga barka, jariri ake ɗauka, a yi masa addu'a, a tambayi ruwan nono. Da wuya a tambayi uwar ko tana barci, ko me ke sa ta kuka da tsakar dare. Likitoci ma sun daɗe kafin su koyi wannan tambaya.

Tun 1858 wani likitan Faransa, Louis-Victor Marcé, ya yi littafi guda kan taɓin hankalin masu ciki da masu jego, amma ba a waiwayar matsalar sai an yi asarar rai. Kotu ce ta riga asibiti. Ingila ta kafa doka a 1922, ta gyara ta a 1938: uwar da haihuwa ta gusar wa hankali har ta halaka ɗanta da bai shekara ba, ba a yanke mata hukuncin kisan ganganci. Asibiti kuwa raba uwa da ɗa yake yi, sai a 1948 likita Thomas Main ya kwantar da wata mata tare da ɗanta a asibitin Cassel da ke Ingila.

Taɓin hankali mai tsanani bai wuce haihuwa ɗaya ko biyu cikin 1,000 ba. Wadda ta fi yawa, wato damuwar mai jego, shiru take zuwa. A 1968 likita Brice Pitt ya gano tana kama kusan mai jego ɗaya cikin goma a Landan, a 1987 kuma John Cox da abokan aikinsa a Edinburgh suka tsara tambayoyi goma na gano ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa abin ya kusa ɗaya cikin biyar.

Aikin da ya fi taɓa ni shi ne na karkarar Rawalpindi a Pakistan, wanda aka wallafa a 2008. Ma'aikatan lafiya mata ne suka riƙa bin gidaje suna zama da uwa, suna saurarenta, damuwar ta ragu sosai, jarirai suka ƙara samun rigakafi.

Mu ma muna da irin wannan gata: tafiya wanka gida, kaka ko gwaggo a gefe har arba'in. Yanzu a birane da yawa taro na watsewa ranar suna, maigida ya fita tun safe, a bar yarinya da jariri a gidan haya. In ta ce ba ta jin daɗin komai, wani ya ce iska ce, wani ya ce rashin godiya.