Tsoffin 'yan ƙungiyar kiɗan rock: wa ke da waƙar, wa ke da sunan?

Ƙungiyar Creedence Clearwater Revival ta Amurka ta watse a 1972. A 1995, Stu Cook mai jitar bes da Doug Clifford mai ganga suka ɗauko wasu makaɗa suka koma dandali suna rera tsoffin waƙoƙin, da sunan Creedence Clearwater Revisited. John Fogerty, wanda ya rubuta kusan duk waƙoƙin kuma ya rera su, ba ya cikinsu. Ya kai ƙara, kotu ta hana su amfani da sunan na ɗan lokaci har suka koma kiran kansu Cosmo's Factory, sannan kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage hanin. Abin lura, duk rigimar a kan suna aka yi ta. Ba wanda ya iya hana su rera waƙoƙin, domin dokoki biyu ne daban ke aiki a nan.

Ta farko dokar haƙƙin mallaka ce ta Amurka ta 1976. Ita ta bai wa mai haƙƙin waƙa ikon ba da izinin rera ta a bainar jama'a. Amma a aikace ba wanda ke bin marubuci gida-gida yana neman izini. Marubuta da kamfanonin da ke riƙe da waƙoƙinsu suna miƙa wannan haƙƙi ga ƙungiyoyin karɓar kuɗi, manya a cikinsu su ne ASCAP da aka kafa a 1914 da BMI da aka kafa a 1939. Mai zauren wasa ko mai shirya taron ne ke sayen lasisi na dunƙule, wanda ya haɗa duk waƙoƙin da ke hannun ƙungiyar, ita kuma ta raba kuɗin ga masu haƙƙi. Tun 1941 akwai yarjejeniya tsakanin waɗannan ƙungiyoyi biyu da ma'aikatar shari'a ta Amurka, wadda ta tilasta musu bai wa duk mai nema lasisi. Saboda haka tsohon ɗan ƙungiya bai fi yaron da ya koyi jita bara iko a kan waƙar ba, kuma bai gaza shi ba. Ko marubucin ya tsane ka, in an biya lasisi, sai dai ya karɓi rabonsa ya haɗiye fushinsa.

Wannan lasisi na rerawa ne kawai. Naɗar wasan a sayar, ko ɗora shi a bidiyo, kowanne da nasa izinin.

Inda ake kai ruwa rana shi ne suna. Sunan ƙungiya alamar kasuwanci ce a ƙarƙashin dokar Lanham ta 1946, kuma tambayar da alƙali ke yi ɗaya ce: mai sayen tikiti zai ruɗe ya ɗauka ainihin ƙungiyar ce za ta hau dandali? Ba ruwan kotu da wanda ya fi murya. Takarda take dubawa, wa aka yi wa rajistar sunan, kuma me 'yan ƙungiyar suka sa wa hannu tun suna shiri da juna.

Al Jardine yana cikin waɗanda suka kafa Beach Boys, har ma yana da hannun jari a Brother Records, kamfanin da ya mallaki sunan. Duk da haka, da ya fita yawon wasa da sunan Beach Boys Family and Friends ba tare da lasisin kamfanin ba, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke hukunci a 2003 cewa ya keta alamar, domin ya sa sunan a gaba ta yadda mutane za su zaci ƙungiyar ce ta turo shi. Shekara uku kafin nan, a 2000, kotun nan ɗin ta bai wa Nicholas Kassbaum gaskiya, ta ce yana iya tallata kansa a matsayin tsohon ɗan ƙungiyar Steppenwolf. Bambancin ɗan kaɗan ne a ido amma babba ne a shari'a. Kassbaum ya faɗi tarihinsa ne, kuma kalmar "tsohon" da kanta ta sanar da mai karatu cewa ya riga ya bar ƙungiyar. Har girman rubutun da ke kan fosta sai da aka duba. A ganina nan kotun ta yi daidai, don mutum ba ya rasa ikon faɗin inda ya yi aiki saboda kawai ya ɓata da abokansa.

Jihohi fiye da 30 kuma sun kafa dokokin hana yaudara a tallar wasa, saboda 'yan sojan gona da ke yawo da sunayen tsoffin ƙungiyoyi. Galibi sharaɗin shi ne a samu aƙalla mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka naɗi faifan wanda ke da ikon amfani da sunan, ko a rubuta ƙarara cewa wasan karramawa ne.

Shi kuwa Fogerty, abin da ya same shi ya fi ban mamaki. Kwangilar da ya sa wa hannu yana matashi ta bar haƙƙin waƙoƙinsa a hannun kamfanin Fantasy na Saul Zaentz. Doka ba ta hana shi rera su ba, amma ya yi shekaru yana ƙin yin haka don kada kuɗin ya shiga aljihun Zaentz. Kamfanin ma ya taɓa maka shi a kotu wai sabuwar waƙarsa ta yi kama da wata tsohuwa da shi da kansa ya rubuta. Ya shiga kotu da jitarsa ya kaɗa wa masu taya alƙali yanke hukunci, ya ci shari'ar a 1988, sannan ya bi kuɗin lauyoyinsa har Kotun Ƙoli, wadda ta goyi bayansa a 1994. Sai a Janairun 2023, shekara 50 da ɗoriya bayan watsewar ƙungiyar, ya sayi kaso mafi rinjaye na haƙƙin waƙoƙin daga kamfanin Concord, wanda ya gaji Fantasy.