Launin gashin kaji da yadda ake gadonsa: tambayoyi da amsoshi

Farar kaza da farin zakara sun ƙyanƙyashe baƙin ɗan tsako. Zakaran maƙwabta ne ya tsallako?

Yana iya yiwuwa, amma kada a yi saurin ɗora masa laifi. Rini biyu kacal ke ba gashin kaza launi: ɗaya baƙi, ɗaya kuma ja, wanda ke sauka daga ja wur zuwa ruwan zuma da ruwan ƙwai. Fari ba rini ba ne, rashin rini ne. Saboda haka farar kaza tana iya ɗauke da gadon baƙi ko ja, wata ƙwayar gado ce kawai ta hana shi fitowa.

Farin kuma iri biyu ne. Akwai mai rinjaye, irin na kajin Leghorn, wanda ko daga ɓangare ɗaya ɗan tsako ya gaje shi ya isa ya danne baƙi. Akwai mai lafewa, irin na farar Wyandotte, wanda sai ya zo daga uwa da uba duka kafin ya bayyana. Idan zakara da kaza kowanne yana da kwafi ɗaya tak na farin mai rinjaye, kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakinsu ba zai gaji ko ɗaya ba, sai launin da ke ɓoye ya fito fili. A nan ne mutane ke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, alhali kakanni ta ɗauko.

Wannan ba sabon sani ba ne. Da kaji ne William Bateson ya nuna a Ingila, a 1902, cewa dokokin gado da masani Gregor Mendel ya gano a tsirrai suna aiki a dabbobi ma.

Ta yaya masu ƙyanƙyasa ke raba mata da maza tun ranar farko?

A mutane, uba ne ke ɗauke da abin da ke yanke jinsin jariri. A tsuntsaye akasin haka ne. Zakara yana da sandunan gado biyu iri ɗaya, ana rubuta su ZZ, kaza kuma tana da ZW. Duk ɗan tsakon da ya karɓi Z daga uwa namiji ne, wanda ya karɓi W mace ce. To, wasu ƙwayoyin launi a kan Z suke zaune, W ba ta ɗauke da su. Ke nan abin da uwa ke da shi a kan Z ɗinta 'ya'yanta maza kaɗai take ba wa, matan kuma daga uba suke samun nasu.

Ɗauki jajayen kajin ƙwai irin ISA Brown da suka cika gidajen gona. Ubansu ja ne, uwarsu fara ce mai ɗauke da ƙwayar da ake kira azurfa, wadda ke rinjayar ja. Mazan sun gaji azurfar uwa, sai su fito fari-fari ko ruwan ƙwai mai haske. Matan sun gaji jan uba, sai su fito ja-ja. Ma'aikaci na tsaye a gaban kwali yana ware su da ido, ba sai ya duba ƙarƙashin ko ɗaya ba. Shi ya sa 'yan zakarun kajin ƙwai da ake sayarwa da araha a kasuwa yawancinsu farare ne.

Baƙaƙen kajin ƙwai irin Harco ma haka ne, sai dai da wata ƙwayar. Ana haɗa jan zakaran Rhode Island da kazar Plymouth Rock mai ratsin fari da baƙi, irin zanen da ake ce wa wake-wake. Duk 'yan tsakin baƙaƙe suke fitowa, amma namiji yana da ɗan farin tabo a tsakar kai. Shi ne zai girma da ratsi, macen kuma ta zama baƙa da ɗan ja a wuya. A Cambridge ta Ingila, Reginald Punnett da Michael Pease sun ƙara gaba, suka samar da irin Cambar wajen 1929, wanda ake gane jinsin 'yan tsakinsa ba tare da an haɗa iri biyu ba.

Idan na juya haɗin fa, zakara mai ratsi da jar kaza?

Dabarar ta rushe. Zakara yana ba 'ya'yansa maza da mata Z, don haka idan tsantsar irin ne, duka za su fito da ratsi.

Na sayi jajayen kajin gidan gona da farin zakaransu. Zan iya ci gaba da fitar da irinsu a gida?

Za ka samu 'yan tsaki, amma ba irin iyayensu ba. Farin zakaran nan yana ɗauke da azurfa a Z ɗaya da ja a ɗayan, don haka rabin 'ya'yansa mata za su fito farare, rabi jajaye, mazan ma haka. Launi ya daina gaya maka komai game da jinsi. Yawan ƙwai ma yakan ja baya kuma ya bambanta daga kaza zuwa kaza, domin kamfanonin suna riƙe da tsantsar iyayen ne a wurinsu, kowane zubi sabon haɗi suke yi. Ba ha'inci ba ne, haka lissafin yake, kodayake ya yi wa aljihunsu daɗi.

Me ya sa launin ruwan toka ba ya tsayawa daga iyaye zuwa 'ya'ya?

Kazar Andalus ta Sifaniya ce ta yi suna a wannan. Ruwan toka baƙi ne da kwafi ɗaya na wata ƙwaya ya tsarma. Kwafi biyu kuma sai su wanke shi ya koma fari mai ɗigo-ɗigon toka. Idan ka haɗa ruwan toka da ruwan toka, a kan samu kashi ɗaya cikin huɗu baƙaƙe, rabi ruwan toka, kashi ɗaya masu ɗigo. Mai son duka su fito ruwan toka sai ya haɗa baƙi da mai ɗigo, wato iyayen da ko ɗaya ba shi da launin da ake nema.

A lura, waɗannan kaso-kaso a kan yawa suke daidaita. Kaza ɗaya da ta kwanta a kan ƙwai goma tana iya fitar da baƙaƙe biyar, kuma babu abin da ya karye a lissafin.

Abinci ko rana na canza launi?

Suna taɓa shi, ba sa canza gadonsa. Zafin rana yana koɗar da baƙi ya yi ja-ja, yana sa farin zakara ya yi rawaya a wuya da kafaɗa. Ƙarancin wasu sinadaran gina jiki a lokacin fitar gashi na iya sa fararen gasu a jikin kaza mai launi, su tafi idan ta sake gashi. Shekaru ma na da nasu: kaji masu ɗigon fari a bakin gashi, irin Ancona, suna ƙara fari duk sauyin gashi.

Ina da kajin Hausa a sake a tsakar gida. Daga ina zan fara?

Daga keji. Kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta har mako biyu zuwa uku, tana ta yin ƙwai da shi. Wanda ya kawo sabon zakara yau ya tara ƙwai gobe, 'ya'yan tsohon zakara zai ƙyanƙyashe bayan kwana 21, ya zauna yana mamaki. Ware kazar mako uku tukuna, sannan ka haɗa ta da wanda kake so. Yi wa ƙwan alama da fensir, ka rubuta launin kowane ɗan tsako ranar da ya fito da kuma bayan ya yi gashin manya, domin sau da yawa ba sa zama ɗaya.

Kajin Hausa gauraye suke ƙwarai, don haka zubin farko zai fito da launuka barkatai. Zaɓi abu ɗaya ka bi. Launi mai rinjaye kamar ratsi yana da sauƙin gani amma yana ɓoye wasu a ƙarƙashinsa, mai lafewa kuwa da zarar ya bayyana a zakara da kaza duka, ya zauna ke nan. Sai dai ni ba zan ajiye zakara mai laulayi don kyan gashinsa ba, kuma haɗa uba da 'ya zubi bayan zubi yana rage ƙyanƙyasa da ƙarfin 'yan tsaki. Mai kiwo a sake kuma ya tuna cewa farin ɗan tsako a kan jar ƙasa shi shirwa ke fara hangowa.