Tantance Kwasa-kwasan Jami'o'i a Najeriya

Tantance kwasa-kwasai bincike ne da ake yi wa kowane fannin karatu a jami'a domin a tabbatar ya kai matakin da za a ba ɗalibi digiri a kansa. A Najeriya aikin yana hannun Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda aka kafa a 1962, ta kuma samu doka tata a 1974. Doka mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba ta ikon shata mafi ƙarancin ma'aunin da kowane kwas zai cika, aka fara zagayen tantancewa na farko a farkon shekarun 1990. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, mai hedikwata a Kaduna, kwalejojin ilimi kuma suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, wato NCCE.

Sashen da za a tantance yakan fara cike takardar bayanin kansa. Daga nan NUC ta turo ayarin manyan malamai daga wasu jami'o'i, su duba manhaja da takardun jarrabawa, da yawan malamai da matakinsu, da ɗakunan karatu da na gwaje-gwaje, da laburare. Kwas da ya ci kashi 70 cikin ɗari ko sama da haka yakan samu cikakken izini na shekara 5. Wanda ya gaza kaɗan yakan samu na wucin gadi na shekara 2, wanda ya faɗi kuma a hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai. Likitanci da injiniyanci da shari'a suna da ƙarin tantancewa daga hukumominsu na sana'a.

Inda tsarin ya fi rauni shi ne, ana sanar da ranar zuwa tun da wuri. An daɗe ana kokawa cewa wasu sassan kan aro malamai da na'urori na 'yan kwanaki, a shafa fenti, a jera littattafai, baƙi na juya baya komai ya koma inda ya fito. Ma'aunin ma ya fi ƙirga abin da ido ke gani fiye da abin da ɗalibi ya iya. Duk da haka, ziyarar takan sa gwamnatocin jihohi su saki kuɗin da suka riƙe, tunda babu gwamnan da ke son a ce an rufe kwas a jami'arsa.

A Disamban 2022 NUC ta ƙaddamar da sabon ma'aunin manhaja, CCMAS, inda ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30.