Mai hawan jini da mai ciwon suga: zama ya fi ko tafiya?

A yawancin gidajenmu, da zarar likita ya ce dattijo na da hawan jini ko suga, sai a hana shi ɗaga ko tsinke. "Baba, ku zauna ku huta, a aiki yaro." Tausayi ne, amma sau da yawa ciwon yake taimaka wa.

Ba hutu mara lafiya ke buƙata ba?

Mai zazzaɓi ne ke buƙatar kwanciya. Ciwon da za a zauna da shi shekara da shekaru kuwa, zama ƙara masa ƙarfi yake yi. Tsoka idan tana aiki takan zuƙe suga daga jini ko da insulin (sinadarin da jiki ke sarrafa suga da shi) bai wadata ba, kuma amfanin yakan kai kwana ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa ba a son mai suga ya wuce kwana biyu a jere bai motsa ba. Mai hawan jini da ya lizimci tafiya kuma, lambar sama ta awon jininsa takan sauka da kamar 5 zuwa 8.

To, nawa ne ya isa?

A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, wadda ta haɗa da masu irin waɗannan cututtuka, minti 150 zuwa 300 ne a mako. Mafi ƙaranci ke nan rabin awa a kwana biyar, kuma ana iya gutsuttsura shi minti goma-goma. Tafiyar ta kasance mai ɗan sauri: kana iya gaisawa da mutum, amma doguwar hira sai ta sa ka haki. A ƙara da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu a mako, ko da tashi da zama ne daga kujera ba tare da dafa gwiwa ba. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti biyar.

Ina tafiya bayan Asuba, sauran yinin ina shago. Ya wadatar?

Da sauran aiki. Dubi mai ɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya: ya naɗe ƙafa kan tabarma tun hantsi, allura a hannu, kiran Azahar ne kawai ke tashe shi. Haka mai shago a Kasuwar Sabon Gari da ma'aikacin ofis a Samaru. Dogon zama na da illarsa ta daban, don haka likitocin suga ke cewa a miƙe duk bayan minti 30, a ɗan taka. Acaba ma ya ɓata mu. Tafiyar da iyayenmu ke yi a ƙafa daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka yau sai mun tsaya jiran mashin. Ka sauka kafin ka iso, ko ka zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa.

Matan da ba su cika fita ba fa?

Shara, wanki da daka duk suna cikin lissafi in sun sa numfashi ya ɗaga. Hajiyar da jikoki suka karɓe wa komai ta zagaya tsakar gida minti goma bayan tuwon dare, lokacin da suga ke hawa.

Babu haɗari?

Akwai. Wanda ya ji nauyi ko ciwo a ƙirji, jiri, ko hakin da ya wuce misali, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya fara tambayar likitansa ranar ganinsa a asibitin koyarwa na Shika ko duk inda yake zuwa. Mai allurar insulin ko ƙwayar maganin suga ta glibenclamide ya riƙe dabino ko alawa a aljihu, domin suga na iya faɗuwa. Alamarsa rawar jiki, gumi da yunwa. Mai suga kada ya taka ƙasa ba takalmi, ya kuma duba tsakanin yatsunsa kowane dare, don ƙafar da jijiyarta ta mutu ba ta jin ƙaya. A zafin Maris da Afrilu a bari sai sassafe ko bayan La'asar, a azumi kuma bayan buɗa-baki.

In awona ya yi kyau, zan iya ajiye magani?

A'a. Kai wa likita awon, shi zai ce a rage ko a bari yadda yake.